Sun ce na fita zakka a gidanmu, gaskiya nake bi ko taurin kai ne?

Assalamu alaikum Malam. Dan Allah a ɓoye sunana. Ni saurayi ne ɗan shekara 27, na gama digiri amma ban samu aiki ba tukun. Tun ina jami'a na fara zama da wasu abokai muna karatun addini, a nan na ga abubuwa da dama da suka saɓa da yadda aka taso damu. Yanzu ina kama hannu a salla, Baba da sauran 'yan gida sakewa suke. Na daina zama taron zikirin da Baba yake jagoranta duk mako a gida. Kwanaki kuma ƙanin Baba ya samo min hanyar aiki amma sai an ba wani kuɗi a ɓoye, kuma sai an rage min shekaru a takarda, nace bazan yi ba. Wannan ma bana son tada maganarsa don ji nake kamar na watsa masa ƙasa a ido. Abin da ya tada ƙura shi ne wani fosting da nayi a Facebook akan masu bin iyaye da kakanni ido rufe, wallahi ban kira sunan kowa ba, amma wani ɗan uwa ya ɗauki hotonsa ya tura gurup ɗin dangi. Tun ranar Baba da kai kawai yake amsa gaisuwata, Mama kullum kuka, an hana ƙannena zama dani, iyayen yarinyar da nake nema sunce a dakata. Ana ce min na fita zakka, wai ɗan bani-na-iya. Abokaina kuma suna cewa in daure, ai Annabi (SAW) yace Musulunci ya fara baƙo kuma zai koma baƙo, albishir ga baƙi. Wani lokaci inji ni ne akan daidai, wani lokaci in kasa barci ina tambayar kaina ko girman kai ne. Malam mene ne ma'anar mutum ya saɓa wa jama'arsa? Alamar gaskiya ce ko alamar ɓata?

Wani ƙaninka

Wa alaikumus salam ƙanina. Sannu, Allah ya kawo sauƙi. Ba ƙaramin abu bane ka gaida mahaifinka ya amsa maka da kai kawai alhali kuna gida ɗaya kuna kallon alƙibla ɗaya, wanda bai taɓa shiga ba bazai gane zafinsa ba. Shi kuma rashin barcin nan da kake kuka dashi ni bai tada min hankali sosai ba, don mai girman kai na ainihi barcinsa yake sha harda munshari, baya tashi tsakar dare yana tuhumar kansa.

Tambayarka kuwa, saɓa wa jama'a shi kaɗai baya nuna gaskiya kuma baya nuna ɓata. Hadisin da abokanka suke kawo maka ingantacce ne, yana cikin Sahihu Muslim, amma ka duba da kyau, cewa yake masu gaskiya zasu iya zama 'yan kaɗan, bai ce duk wanda ya zama 'yan kaɗan shi ne mai gaskiya ba. Ƙungiyoyin da ko ga maciji basa yi da juna kowacce wannan hadisin take jawowa kanta, toh duka ne baƙin? Haka su ma 'yan gidanku, "haka muka tarar" ba hujja bace, kuma Alƙur'ani da kansa ya faɗa a Suratul An'am aya ta 116 cewa bin mafi yawan mutanen ƙasa yana iya ɓatar da mutum. Kaga kenan ƙidayar kawuna bata raba wannan gardamar, ko ta ɓangarenka ko ta nasu.

Bari in baka wani labari da zai taimaka maka ka auna kanka. A 1951 wani masanin halayyar ɗan adam a Amurka, Solomon Asch, ya riƙa tara ɗalibai bakwai ko takwas a ɗaki, ya nuna musu layi ɗaya a kati da wasu layuka uku a wani katin, yace wanne ne tsawonsu ɗaya da na farkon. Amsar a fili take, yaro ma zai gani. Sai dai duk 'yan ɗakin an haɗa baki dasu su faɗi wadda ba daidai ba, banda mutum ɗaya da bai san dawan garin ba. Kusan uku cikin huɗu na irin waɗannan mutanen sun bi yarima sun sha kiɗa aƙalla sau ɗaya, sun ƙaryata idonsu don kada su zama daban. Amma da aka sa mutum ɗaya tal cikin 'yan ɗakin ya riƙa faɗin amsar gaskiya, sai bin jama'ar ya faɗi ƙasa warwas. Wannan na ƙarshen nake so ka riƙe. Kai ba kai kaɗai bane, kana da masu tafa maka, a gida ne kake baƙo amma a cikin abokanka ɗan gari ne kai. Don haka ka tambayi kanka tsakaninka da Allah, ka taɓa saɓa musu su ma akan wata mas'ala? Da gobe zasu canza ra'ayi duka, zaka tsaya inda kake ko zaka bisu? In amsar ta baka kunya toh ba daina bi ido rufe kayi ba, waɗanda kake bi ne suka canza. Ba laifi bane a shekarunka, kusan kowa ta nan ya biyo, amma sanin hakan zai rage maka ɗaga murya.

Yanzu abin da na fi so mu tsaya akai. Abu huɗu ka lissafo min ka ɗaure su wuri guda ka kira su tsayawa akan gaskiya, alhali nauyinsu ba ɗaya bane ko kusa. Kuma abin mamakin shi ne wanda yafi nauyi shi kake jin kunyar faɗa, wanda bai kai ya kawo ba shi ka hau intanet dashi.

Maganar aikin nan ita ce babba. Kana zaune ba ko sisi, aure yana jiranka, aka kawo maka hanya har gida, kace a'a saboda akwai cin hanci da ƙarya a takarda. Wannan babu wata mazhaba da zata ce maka kayi kuskure, kuma wanda zai ci gurbin da ka bari wataƙila wani ne da ya cancanta bashi da kowa. A nan wa ya biya farashin? Kai. Aljihunka ne ya ji jiki ba na wani ba. Irin wannan saɓawar ce tarihi yake girmamawa. A shekara ta 218 bayan hijira halifa Ma'amun ya fara tilasta malamai su ce Alƙur'ani halitta ne, da yawa suka amsa don su tsira da ransu, Imamu Ahmad ɗan Hambali ya ƙi, aka ɗaure shi, a zamanin Mu'utasim aka yi masa bulala, sai da Mutawakkil ya hau sannan aka ɗage abin. Bai tara mutane yace ayi bore ba, bayansa ne ya ɗauki bulalar. Kada ka ja da baya akan aikin nan ko da duk dangi zasu taru a kanka. Amma ka je ka samu ƙanin Baban, ka gode masa sosai, don shi a ganinsa taimakonka yayi kuma ƙila sai da ya zubar da girmansa wajen roƙo kafin ya samo hanyar. Kace masa tsoro kake ji kada ka ci albashi shekara da shekaru akan takardar ƙarya, kuma in ya ji wata hanyar mai tsafta kai mai so ne. Banda wa'azi, banda jawo masa aya.

Sai kama hannu. Ƙanina wannan fili ne mai faɗi. Hadisin ɗora dama akan hagu yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, sakin hannu a farilla kuma an ruwaito shi daga Malik ɗin dai a Mudawwana, kuma mazhabobin nan huɗu babu wadda tace sallar wanda ya kama ko ya sake ta ɓaci. In ka gamsu da kamawa ka kama abinka, babu mai ikon hana ka, amma baka da hurumin kallon sallar mahaifinka a matsayin mai naƙasa. Ka tuna Abdullahi ɗan Mas'ud a Mina, halifa Usman ya cika salla raka'a huɗu, shi kuma yana ganin biyu ce sunna kuma ya faɗa, amma da aka tada salla ya bi shi yayi huɗun, da aka tambaye shi yace saɓani sharri ne. Bai canza fahimtarsa ba, ya dai san abin da ya kai a raba sahu akansa da wanda bai kai ba. Shi kansa Malik da halifan zamaninsa ya so ya tilasta wa duk Musulmi bin littafinsa hana shi yayi, saboda sahabbai sun watsu a garuruwa kuma kowane gari da ilimin da ya iso musu.

Taron zikirin shi ne mai ɗan sarƙaƙiya, kuma bazan zauna a nan in yanke maka hukuncin abin da manyan malamai suka daɗe suna saɓani akai ba. In zuciyarka bata natsu da zama ba, kar ka zauna don a ganka, munafunci ne kuma kai zaka fara tsanar kanka. Amma akwai tazara mai yawa tsakanin rashin zama da ficewa ana kallo kana ɗaure fuska. Zaka iya taimakawa wajen gyara wurin kafin a fara, ka gaida baƙin Baba da fara'a, in akwai karatun Alƙur'ani a ciki ka zauna wannan ɓangaren, sannan ka zame ba tare da kowa ya lura ba. Ko ka roƙi Baba wani lokaci daban a mako, ku biyu, ka riƙa karanta masa Alƙur'ani yana gyara maka. Dattijo abin da yake tsoro shi ne ɗansa ya daina ganinsa a matsayin wanda za'a koyi wani abu a wurinsa.

Fosting ɗin kuwa, kayi haƙuri, a nan kai ne baka kyauta ba. Kace baka kira suna ba, amma duk wanda ya san gidanku ya san da wa kake, kai ma ka sani. Kuma ayoyin da suke zargin masu cewa mun tarar da iyayenmu akai, kamar ta 170 a Baƙara, akan masu ƙin saƙon Allah suke magana, ɗaukarsu a jefi mutumin da ya tashe ka sallar asuba tun kana yaro zalunci ne. A nan wa ya biya farashin? Baba ne ya sha kunya a gaban ƙannensa da surukansa, Mama ce take biya da hawaye, kai kuma laik ka samu. Buɗe Suratu Maryam daga aya ta 42 ka ga yadda Annabi Ibrahim (AS) yayi magana da mahaifinsa, wanda gumaka ma yake bauta wa, "ya babana" yake ta maimaitawa har sau huɗu, da uban yayi barazanar jifansa sai yace aminci ya tabbata gare ka, zan nema maka gafara wurin Ubangijina. Suratu Luƙman aya ta 15 kuma tace ko shirka iyaye suka matsa maka kayi kar ka bisu, amma ka zauna dasu a duniya da kyautatawa. Toh ina ga uban da tsakaninka dashi inda za'a ajiye hannu ne?

Wani abu kuma da nake so ka sani tun yanzu, don wata rana kai ma zaka zama uba. A Ingila a 1662 aka yi dokar da ta tilasta kowane limamin coci ya bi littafin addu'a guda na cocin hukuma, kusan limamai 2,000 suka ƙi, suka rasa aikinsu. Dokar 1664 ta hana taron ibada na fiye da mutum biyar banda 'yan gida a wajen tsarin cocin, an toshe wa duk masu ƙin bin cocin hukuma muƙaman gwamnati har 1828, jami'o'in Oxford da Cambridge basu gama buɗe musu ƙofa ba sai 1871. Abin da ya ɗaga su a idon mutane ba surutu bane, makarantunsu suka buɗe, a ɗayansu Joseph Priestley ya koyar, wanda ake dangantawa da gano iskar oksijin a 1774, 'yan Quaker, wata ɗariƙar Kirista a cikinsu, kuma suka yi suna wajen riƙon amana a kasuwanci har bankuna irin su Barclays da Lloyds daga cikinsu suka samo asali. Amma ga ɗaya fuskar. 'Yan Puritan, wasu Kiristocin Ingila masu tsauri, da suka tsallaka teku zuwa Amurka saboda basu yarda da tsarin cocin Ingila ba, da mulki ya zo hannunsu a Massachusetts, tsakanin 1659 da 1661 suka rataye 'yan Quaker huɗu a Boston, harda mace, Mary Dyer, laifinsu kawai sun ƙi bin tsarinsu. Wanda aka takura jiya yana iya fin kowa takurawa gobe. Ka duba yadda kake yi da ƙannenka, in ɗayansu yace shi yafi gamsuwa da hanyar Baba zaka bar shi ya sha iska ko zaka fara masa kallon ɓatacce? 'Yancin da kake nema a wurin Baba sai ka iya ba wani irinsa.

Shi ma Baba ba cewa nake komai yayi daidai ba. Ƙaurace wa ɗa da raba shi da ƙannensa ba magani bane, kuma ɗan uwan da ya kwashi fosting ya kai gurup bai nufi sulhu ba, da gyara yake so da kai zai kira. Amma ka shiga zuciyar dattijon kaɗan. Shi ba mas'alar fiƙihu ya ji ba, abin da ya ji shi ne ɗana yace ni da ubana da malamaina duk a ɓace muke, kuma ya faɗa a gaban duniya. Yana kuma tsoron inda abin zai tsaya, don ya ga samarin da suka fara da ƙananan abubuwa suka ƙare da kafirta iyayensu. Shirunsa rabi fushi ne rabi tsoro.

Ga abin da nake ganin zaka yi. Ka goge fosting ɗin yau, kada ka rubuta wani na bayani ko na kare kai, kuma ka ɗan huta da rubutun addini a intanet na wasu watanni. Ka fara da Mama, ka zauna da ita ka kwantar mata da hankali cewa baka bar addini ba kuma baka raina Baba ba, ka tambaye ta lokacin da yafi sakin jiki. Sannan ka same shi shi kaɗai, ba a gaban kowa ba, kace Baba na zo neman gafara akan rubutun da nayi, na ɓata maka rai na zubar maka da girma, ka yafe min. Iya nan. Kada ka ƙara da "amma", kada ka shigo da maganar kama hannu ko zikiri, haƙuri kake bayarwa akan yadda kayi, ba'a ce ka janye abin da ka fahimta ba. In shi ya tada maganar, kace masa kana kan karatu ne, baka ganin sallarsa ko ta kowa a gidan da matsala, kuma kana roƙon ya bar ka da abin da zuciyarka ta natsu dashi. In ya ƙi sauraronka kar kayi zuciya, ka ci gaba da gaisuwa safe da yamma ko da kai ɗin zai ci gaba da amsawa, ka ci gaba da yi masa hidimar da ka saba, bayan ɗan lokaci ka nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko abokinsa ko malamin da shi yake girmamawa, ya shiga tsakani. Kada ka kawo naka malamin ko abokanka, zai ga kamar yaƙi ka kawo masa har gida. In kuma abin ya kai ga kora ko barazana, wanda bana fata, ka koma wurin wani ɗan uwa na ɗan lokaci da sanin Mama, ba ka tafi cikin fushi ka kashe waya ba.

Yarinyar kuma ka gaya mata komai dalla-dalla, me ka canza, me bazaka canza ba, kuma ko zaka tilasta mata bin fahimtarka bayan aure, don wannan haƙƙinta ne ta sani kafin ta shigo, kuma kai ma ka ba kanka amsa ta gaskiya akai. Iyayenta ba hannunka a salla ne ya dame su ba, ji suka yi saurayin yana rigima da ubansa, kuma duk mai 'ya zai ja baya. In ka gyara da Baba akwai yiwuwar wannan ta warware da kanta, shi ne ma zai fi kowa iya yi maka magana a wurinsu. In kuma sun dage sai ka bar abin da ka gamsu dashi kafin su baka, gara ku rabu da mutunci tun yanzu da ka yi alkawarin da bazaka cika ba.

Abokanka bance ka rabu dasu ba, amma ka gwada su. Ka gaya musu zaka je ka ba Baba haƙuri ka ga fuskarsu, wanda yace Allah ya bada sa'a ka riƙe shi, wanda yace ka yi rauni ko ka sayar da aƙida ka rage zama dashi. Ka nemi malami mai shekaru wanda ya karanta fiƙihun saɓanin malamai ka ɗauki littafi ɗaya a gabansa daga farko har ƙarshe, karatun guntayen bidiyo shi yake sa mutum ya ɗauka kowace mas'ala fuska ɗaya gare ta. Ka ci gaba da neman aiki ta hanya mai tsafta ko ka kama wata sana'a kafin ya samu, zaman banza yana ƙara wa irin wannan rigimar wuta. Rashin barcin kuma in ya wuce 'yan makonni ko ya fara hana ka cin abinci da walwala, kaje ka ga likita, kada ka tsaya jiran sai an shirya tukun. Ka sake rubuto min bayan ka zauna da Baba inji yadda kuka yi, Allah ya daidaita tsakaninku.